Abin da Joel Ya Faɗa wa Malama Yusrah

Nassarawo, Jimeta
Fabrairu, 2024

Adda Edith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar Mama, ta yi sauƙi? Yaya yara da zafin Numan? Kifin da kika aiko ya iso, na gode.

Adda, yau ƙorafi na kawo miki. Kin san kusan shekara goma ke nan da mijina Joel ya tsero daga Mubi a ƙafa lokacin da 'yan bindiga suka afka wa garin, ya iso ba tare da ƙaninmu Ishmael ba, ya ce mana a daji suka rabu. Daga nan ya ja bakinsa ya yi gum. Ni na sha fama da firgitarsa. Ni nake kashe rediyo in an fara labarai, ni nake korar yaran unguwa in suna wasan wuta lokacin Kirsimeti. Ban taɓa matsa masa da tambaya ba.

To, yanzu hedimastan makarantar da yake koyarwa ya haɗa shi da wata cibiya a Yola. Kowace Laraba sai ya goge riga ya hau Keke, ya tafi wurin wata Malama Yusrah, wai likitar damuwa. Yarinya ce fa, ban jin ta kai talatin. Ba allura, ba ƙwaya, magana kawai. Ya ce ranar farko igiya ta shimfiɗa a ƙasa a matsayin rayuwarsa, ya ɗora fure a kan kowane abin daɗi, dutse a kan kowane abin baƙin ciki. Yanzu suna bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata abin da ya gani da abin da ya ji, har warin wurin. Na tambaye shi ko ni fure ce ko dutse, sai ya yi dariya. Na manta rabon da in ji dariyar nan, kuma ba a gidana ya samo ta ba.

Ba zargin banza nake yi ba, na san mijina. Amma kishi nake ji kamar in mutu. Ni da wankin zufarsa, wata da jin cikinsa?

Ki gaida Mama.

Ƙanwarki,
Hilda

Nassarawo, Jimeta
Maris, 2024

Adda Edith,

Ina fata kuna lafiya, kuma tarin ƙaramin naku ya lafa. Na ga saƙonki cewa in yi haƙuri. Kin makara, na riga na je wurin Malama Yusrah.

Na ɗaura zanen Zumuntar Mata ta cocinmu don ta san ba ƙaramar mace ta zo ba. Ta tarbe ni da “Mama”, har da ruwan sanyi, abin ya ƙara ƙona min rai. Na ce ta faɗa min abin da mijina yake gaya mata. Ta ce ba ta da ikon haka, sai da yardarsa. Ta yi min bayani wai ba ita ta ƙirƙiro hanyar ba, an gwada ta a kan mutane da yawa da suka tsira daga yaƙi, an ga tana aiki. Mutum yana maimaita labarin daki-daki a wurin da ba abin tsoro, har jikinsa ya yarda cewa abin ya wuce. Ta ce wasu ana haɗa musu da magani, amma Joel wannan ce ta karɓe shi. Sai ta ƙara da cewa yawan kauce wa tunawa yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ke hana ciwon warkewa. Wato rediyon da nake kashewa ke nan. A gabana fa, Adda.

Ina isa gida na ce masa ba zai sake zuwa ba, addu'a ta ishe mu. Fasto ya ce min addu'a da magani ba sa faɗa, na yi kamar ban ji ba. Joel bai yi musu ba, ya zauna a gida. Na ci nasara, amma ga shi ya koma zama shi kaɗai a bayan ɗaki, abinci ma sai na yi da gaske. Duk da haka raina bai sauko ba.

Taki,
Hilda

Nassarawo, Jimeta
Afrilu, 2024

Adda,

Da fatan kin tashi lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, ba a gaban Mama ba.

Ranar Lahadi bayan coci na kasa daurewa. Na ce wa Joel in har bakinsa yana buɗewa a gaban baƙuwa, to ya buɗe shi a gabana. Ya dube ni ya ce, “Don ke nake koyon faɗa, Hilda. Ban gama koyo ba kika tsayar da ni.”

Sai ya faɗa. Adda, ba rabuwa suka yi ba. An harbi Ishmael a cinya suna fita gari. Joel ya goya shi har kan duwatsun iyakar Kamaru, a bayansa ya cika. Da hannu ya tona masa rami, don babu fartanya. Ya ce da ya iso gida a wancan lokacin ya tarar da ni da Mama a bakin ƙofa muna leƙa bayansa, sai maganar ta maƙale. Wannan karon kuwa ya kai ƙarshen labarin. Ni ce na kasa jurewa.

Ranar Laraba da kaina na raka shi Yola, na zauna a benci a waje har suka gama. Da Malama Yusrah ta fito ta ce in ina so akwai wadda za ta zauna da ni, ni ma in faɗi nawa, na ce zan zo. Amma ban iya kallon idonta ba. Har yanzu ina jin zafin cewa ta riga ni sanin inda ƙanina yake kwance.

Ki zo, Adda, ko kwana ɗaya ne, mu koma Numan tare. Mama ba ta daina cewa a bar mata ƙofar zaure a buɗe ko Ishmael zai dawo ba. Joel ya ce da bakinsa zai faɗa mata, mu dai mu riƙe ta.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Hilda