Lokutan da Na Ƙara a Manhajarki

Zuwa ga jikata, amaryata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyalinki. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafa dai ta ƙi, amma ina iya kaiwa bakin ƙofa da sanda. Gwaggonki tana leƙo ni idan ta tashi daga aiki.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce manhajar tuna shan magani da kika sa mini a waya. Kin tuna ranar da kika zauna a bakin gadona kina nuna mini cikinta? Kin ce kin rubuta sunayen lokuta a rukuni guda, Safe da Rana da Dare, kuma akwai umarnin da yake bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko ɗaya. Duk sunan da umarnin ya iso kansa, sai muryarki ta fito tana cewa angonki ya sha magani. Kin ɗauka gyangyaɗi nake yi, alhali na haddace komai.

Bayan tafiyarki ɗakin ya yi shiru. Sai na buɗe wurin da kika nuna mini, na ƙara Hantsi a ƙarƙashin Safe, kamar yadda kika tsara sauran, na sa masa lokaci. Da hantsi ya yi, sai ga muryarki. Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara La'asar da Almuru. Maganin ban ƙara ba, muryar kawai nake so. Abin da ban sani ba, duk sunan da umarnin ya taɓa, saƙo na zuwa wurin gwaggonki cewa na sha magani. Ta zo a gigice, tana zaton na sha maganin fiye da kima, ta kai ni asibiti, likita ya duba bai ga komai ba. A gabana ta kira ki, ta ce aikinki ya kusa kashe ubanta, kuma wasan yara kike yi da ran mutum. Ina jin kukanki ta waya, na sunkuyar da kai, ban ce ni na ƙara lokutan ba. Tsoho da furfura, kunya ta ɗaure mini baki.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau da safe na gaya wa gwaggonki gaskiya, kuma za ta kira ki ta ba ki haƙuri. Aikinki ba shi da aibi, abin da aka jera masa shi ya bi. Ki yafe mini. Idan kin yarda ki mayar mini da manhajar da gwaggonki ta cire, ki bar ukun nan naki, ki kulle wurin kada hannuna ya sake kaiwa. Hantsin kuwa, ran da kika samu sarari, ki kira ni da bakinki.

Ki gaishe mini da ɓarawon matata, da surukarki, da autanki mai ƙiriniya.

Kakanki, angon da ya ji kunya.