Wa Ya Amsa Kiran Baba?

Daga Taese 'yar Sansno masaƙi, zuwa ga yayana Pamun, a tashar jiragen alkama ta Iskandariya.

Gaisuwa mai yawa gare ka, Yaya, da mai ɗakinka Tabes da yara. Ina fatan kuna lafiya, ciwon bayan nan ya sake ka, ɗaukar buhuna kuma bai ƙarasa tanƙwara ka ba. Da bara ne, da na ce ina tuna ka cikin shiru kamar yadda Baba ya koya mana. Bana kuwa ban san yadda zan faɗa ba, don haka bari kawai in ce ina yi maka addu'a, kai ka san inda za ka ajiye ta. Mu nan ambaliyar kogi ta janye, an yi shuka, maigidana Shoi yana gona tare da jakin nan da ka rantse ba zai ga bana ba. Yana nan da ransa, har cizo yake yi.

Na san labari ya iso maka cewa 'yata Herai ba ta da lafiya, to ka kwantar da hankalinka, ta tashi. Ta rame ta zama sai idanu, amma jiya har ta kori agwagin maƙwabta. Baba ne damuwata. Tun da yarinyar ta miƙe ya daina cin abinci, sai ruwa da ɗan dabino in na matsa masa, kuma ina tsoron ba zai ga girbi ba. Bari in gaya maka yadda aka yi, domin kai kaɗai ne za ka gane.

Ka san abin da muka tashi a kai. Uba na gaskiya, wato Allahnmu, ɓoyayye ne, ba shi da suna, ba ido ko hankalin da ya taɓa kai wa gare shi. Wannan duniya da sauronta da zazzaɓinta ba aikinsa ba ne, aikin wani ƙaramin magini ne mai kishi, wanda yake zaton babu kowa sama da shi. Shi ya sa addu'armu ita ce mu zauna mu ɗora tafin hannu a baki, ba roƙo, ba kira. Kana tuna yadda Baba yake cewa wanda ya ɗaga murya ya roƙi wani abu, Maginin ne zai ji shi, kamar mutumin da ya kai sunansa da kansa wurin masu ɗiban mutane aikin tilas a madatsar ruwa. Muna yara abin dariya yake ba mu, har kai kake leƙo ni ta tsakanin yatsu. Ko ranar da Inna ta rasu, Baba bai ce uffan ba, hannunsa na bakinsa har aka naɗe ta.

Zazzaɓin ya kama Herai ne lokacin da tabkuna suka fara wari. Mun yi jiƙe-jiƙe, mun yi turare, jikin sai ƙara zafi yake. Surukata Tekosh, wadda ka san bakinta ba ya ajiye magana, ta tare a gidan tana cewa a kai yarinya coci a kira sunanta cikin marasa lafiya, a shafa mata mai. Da Baba ya ƙi, sai ta dube shi ta ce, "Wai kai Sansno, wannan Allahn naku wasan ɓuya yake yi da ku? Yarinya na ƙonewa, ku kun toshe baki kamar masu ciwon haƙori." Baba ya koma kan masaƙarsa. Ni kuwa na ji haushinta.

Wata safiya na dawo daga ɗiban ruwa, sai na tarar da Baba a gefen tabarmarta da ƙoƙon man shafawa gauraye da ruwa. Yana koya mata kalmomin nan da ake koya wa mai barin duniya, waɗanda rai zai faɗa wa masu tsaron ƙofofin sama domin su bar shi ya wuce. Tana maimaitawa da busasshen leɓe cewa ita 'yar Uba ce, daga wurinsa ta zo, wurinsa za ta koma. Sai ta tsaya ta tambaye shi, in ta ɓata a hanya, da wane suna za ta kira shi ya zo ya ɗauke ta? Yaya, tulun da ke kaina ban san lokacin da ya faɗi ba. Na gaya wa Baba abin da ban taɓa zaton bakina zai iya faɗa masa ba. Na ce 'yata yake koya wa mutuwa tun tana numfashi. Na goya ta na nufi ƙofa, shi kuwa ya sha gabana, ya ce, "Taese, kada ki kira. Wanda zai amsa ba shi ba ne." Na ce masa ko wane ne, in dai zai amsa, ina so.

A coci limami Apa Hor bai wulaƙanta ni ba, gaskiya. Ya dai tambaye ni ko na yarda da Allah mahaliccin sama da ƙasa, na ce na yarda, kuma da ya ce in yarda jakin Shoi annabi ne da na yarda. Aka kira sunanta da ƙarfi, jama'a suka amsa da neman jinƙai, aka shafa mata mai a goshi. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji bakuna da yawa suna faɗin sunan 'yata, wani abu ya sauka daga ƙirjina, na yi kuka har na gode. Amma muka dawo gida jikin bai sauka ba. Kwanakin da suka biyo baya ma ta daina gane mu, Tekosh kanta ta fara wanke farin lilin na likkafani.

Ranar da abin ya fi tsanani, da tsakar rana, ina ɗaki ina jiƙa mata leɓe, sai na ji ƙarar masaƙa ta tsaya. Ka san Baba ba ya ajiye ƙoshiyar saƙa kafin la'asar. Na leƙa na gan shi tsaye a tsakar gida cikin rana, kansa a ɗage, hannayensa biyu a sake. Sai ya buɗe baki da wata murya da ban san yana da ita ba, har tantabaru suka tashi daga kan soro. Ya ce, "Kai da ban san sunanka ba, ita tana da suna. Herai ce, 'yar Taese. Ka bar mana ita." Ya yi ta maimaitawa har muryarsa ta dushe, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Washegari gumi ya karyo mata, ta buɗe ido ta nemi romon wake.

Yanzu kowa ya ɗauki rabonsa na labarin. Tekosh tana yawo gida gida tana cewa man coci ne. Goggo Tsenhor da sauran tsofaffin da muke zaman shiru tare sun daina shigowa, sun ce gidan Sansno ya zama gidan 'yan kururuwa. Shi kuwa Baba tsoro ne yake cin sa. A ganinsa Uba ɓoyayye ba ya amsa kira, to tunda an amsa, Maginin ne ya amsa, ke nan shi da bakinsa ya miƙa sunan jikarsa ga wanda ya kwashe rayuwarsa yana ɓoye mu daga gare shi. Ya kasa komawa zaman shiru. In ya ɗaga hannu zai kai baki, sai ya tsaya a hanya ya sauke. In Herai ta zo za ta hau cinyarsa sai ya kau da kai, kamar wanda ya ci amanarta. Wannan ne yake ƙona mini rai, domin yarinyar tana zaton laifi ta yi da ta warke.

Jiya na kai masa gurasa da albasa, ya riƙe mini hannu ya ce in gaya masa tsakanina da shi, ni da na je can na kuma ji shi a nan, wa ya amsa? Na so in yi masa ƙarya mai daɗi, amma gajiya ta hana ni. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ban san ko wane ne ba, kai ma ba ka sani ba. Kai ne ka koya mini cewa ba a sanin sa, to ta yaya ka san ba ya amsawa?" Sai ya yi wata 'yar dariya da hawaye a cikinta, ya ce wato shi duk shekarun nan ya ce Uba ba ya sanuwa, amma ya zauna yana yanka masa abin da zai yi da abin da ba zai yi ba. Ya gutsuri gurasar ya ci. Rabi kawai ya ci, sauran ya kira Herai ya ba ta, ya bar ta ta zauna a jikinsa.

Kada ka ɗauka an gama, Yaya. Yau da safe ya sake ture ƙwaryar abincin, ya ce wataƙila dabarar Maginin ce ta fito ta bakina. Ni na gaji, kuma ni kaina ban san inda zan kai goshina ba. Ka nemi izini ka hau jirgin Kollut mai kawo maka wannan takarda in zai juyo. Ba gardama nake so ka zo ka yi da shi ba, ka zo ka zauna kusa da shi a kan masaƙa, ko da hannu a baki ko babu, domin da kai yake iya cin abinci.

Ka gaida Tabes, ka ce mata zaren da ta aiko ya iso. Ka shafa mini kan Paese da ƙaramar Tanuf. Shoi yana gaisuwa, Tekosh ma ta ce a gaishe ka, kuma wai ka aske gemun nan. Herai ta ce in gaya wa Kawu cewa yanzu in ta ɓata ba ta jin tsoro, domin Kaka ya iya ihu.

Ƙanwarka mai jiran ganin jirginka,
Taese