Muryar Marka a Cikin Ordinata

Malanville, 4 ga Maris, 2009

Zuwa ga ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya zafin Kwatano? Mu nan lafiya lau, sai kewar mahaifiyarki, Allah ya jiƙan Marka.

Abin da kika ce in nema na same shi. Ɗan empetrwa ɗin nan, 'yar na'urar sauraren waƙa da ɗaukar murya, da kika ɗauki waƙar niƙanta a ciki, zuwanki na ƙarshe, kika bar mata. Yana cikin kwallarta, ta naɗe shi da ɗankwali kamar zinariya. Sai dai gilashinsa ya tsage, kuma ko na danna ba ya motsi. An ce mini sai an haɗa shi da ordinata, wato kwamfuta, zai sha wuta, a ga abin da ke ciki.

To ji wautar tsohonki. Na kai shi wurin Faruku, mai zuba wa mutane waƙoƙi a bakin kasuwar albasa. Ya karɓe ni da girmamawa, ya ce ni ko dala ba zai karɓa ba, zai cika mini shi da wa'azi da waƙoƙin Indiya kyauta. Ashe al'adarsu ce, duk abin da aka kawo sai sun wanke cikinsa tas kafin su zuba sabo, wai maganin cutar ordinata. Allah ya sa na tambayi me ake wankewa. Ya ce komai. Wallahi yatsansa na bisa maɓalli na cafke hannunsa kamar na kama ɓarawon buhu. Mutane suka taru, har wani ya ce Alhaji Mati ya fara ruɗewa. Su faɗi abin da suka ga dama.

Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin abin nan da bai kai ɗan yatsana ba. Na yi rantsuwa babu hannun da zai sake taɓa shi sai nawa. Kada ki yi dariya. Wanda ya koyi boko yana da shekara arba'in ba zai gagara sa waya a rami ba.

Ki gaida maigidanki da yara.

Mahaifinki,
Mati

Malanville, 19 ga Maris, 2009

Zuwa ga ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin ƙaramin ya yi sauƙi. Yau da girman kai nake rubuto miki, ki yi haƙuri da ni.

Issufu, akawun ƙungiyarmu ta 'yan albasa, shi ya ba ni aron ordinatarsa. Kwana uku ina koyo da nasa empetrwa kafin in yarda in fito da na Marka. Hannuna da ya saba da igiyar buhu ya ƙi jin ɗan ɓeran nan da ake turawa, kibiyar ta gudu gabas ina nufin yamma. Issufu ya sha dariya har da hawaye, ni kuwa na ce mai nema yana tare da samu. Wayar haɗawar ma ba a samu irinta a nan ba, bakinta ƙarami ne. Sai da na hau kabu-kabu na ƙetare gada zuwa Gaya, na zaga shago biyar.

Ranar Talata bayan azahar na yi alwala na zauna. Na ce Issufu ya koma bayana, ya riƙe hannayensa. Sau biyu ina sa wayar a juye, na uku ta shige. 'Yar fitila ta kama. Sai wani akwati ya fito yana tambaya da Faransanci ko a wanke. Issufu ya karanta mini, na sa ya sake karantawa, sannan na kai kibiyar bisa a'a na danna da kaina. Gumi har cikin hulata.

Tana nan, ɗiyata. Waƙar tana nan ba ko ƙwarzane. Na kwafe ta cikin ordinata, na juya ta a faifai uku, ni na ja da kibiya ni na ajiye. Faruku da kansa ya zo kallo, yanzu in an kawo masa abu sai ya tambaya kafin ya wanke. A rumfa kuma sun laƙaba mini Alhaji Ordinata, ban ce su bari ba.

Amma ba waƙar kaɗai na tarar ba. Akwai abu na biyu, na minti arba'in. Da alama bayan tafiyarki ta danna wani wuri ba ta sani ba, ya yi ta ɗauka. Ana jin tsintsiyarta, ana jin tana yi wa akuya faɗa. Sai maƙwabciyarmu Zeinabu ta shigo, suka hau hira.

Ke 'yar fari ce, kin san kunyar mutanenmu. Shekara talatin da ɗaya ba ki taɓa jin sunanki a bakinta ba, sai "waccan" ko "yarinyar nan", kuma na san ya taɓa yi miki ciwo kina ƙarama. To a nan, da ta ɗauka babu mai ji sai Zeinabu, ta kama sunanki, ta ce Jannatunta ta fi maza goma, ta ce Jannatu ce ta rufa mata asiri, ta ce in ta mutu Jannatu za ta riƙe gidan. Sau uku, da bakinta. Issufu ya tashi ya fita ya bar ni, Allah ya saka masa.

Faifanki, da waƙar da hirar duka a ciki, yana hannun Bukari direba, zai iso Kwatano ranar Asabar. Maganarki daga minti na ashirin da shida na hirar take. Ki sallami yara waje, ki zauna kafin ki kunna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mati