Baturan da kake aiko wa Inna

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyin Jos? Da fatan kowa yana lafiya. Mu nan Jega sai godiya.

Da aka ba mu hutun makaranta na je gida Alelu, na iske Inna tana ginin tulu, hannunta na rawa har bakin tulun ya karkace. Tafiyarta ma ta yi nauyi. Na kai ta asibiti. Da likita ya ji tana fasa matattun batura, tana daka baƙin garinsu cikin ɗaki don zanen tukwane, sai ya ce garin yana da sinadarin manganis, kuma shaƙarsa shekara da shekaru tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Na ce ta koma ado da jar ƙasa. Ta ce, "Bello, tulun da ba baƙin zane, wa zai san nawa ne a kasuwa?" Wallahi ta ba ni tausayi.

Yaya, na san don ƙauna kake tara mata baturan nan. Don Allah kada ka ƙara aikowa, ko ta roƙe ka. Kuma za ta roƙa.

A sa ta cikin addu'a. Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Bello