Baba da ajin haziƙai

Makassar, 9 ga Maris

Ƙanena Rusdin,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Wahida da ɗiyata Aulia. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a wannan aikin ƙera jiragen ruwa na Busan. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwar kifi da kanta, ta ce ba ta yarda da idona wajen zaɓe ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ya yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu yana gina gadoji, zaman gida ya gagare shi. Ya auna magudanar gidanmu sau uku, ya leƙa ta maƙwabta, har ya ce wa Inna an kafa murhunta a karkace. Inna ta ce masa ko dai ya nemi abin yi, ko ita ta koma Pinrang wurin 'yan'uwanta. Ana cikin haka abokinsa Farfesa Darwis ya zo, ya ce a jami'arsu akwai aji na musamman da ake tara haziƙan ɗaliban injiniyanci, mutum ashirin kacal a shekara, suna neman wanda ya taɓa siminti da hannunsa ya koyar da su. Baba bai bari ya rufe baki ba. Ya kwashe littattafansa da zanensa ya ba su, yanzu kowace Asabar yana can.

Watan jiya ya kai su ganin gadarsa ta farko, ni na tuƙa shi. Ya baza tsohon zanen a kan mota yana ta cika baki, sai wata yarinya, Nurlela, 'yar masunci daga tsibirin Selayar, ta ce cikin ladabi tana ganin akwai kuskure a lissafin ginshiƙi na biyu. Rusdin, Baba ya sa tabarau, ya zauna a bakin hanya da fensir kusan minti ashirin, ni kuwa ina ta jiran faɗa, ka san halinsa. Can sai ya tashi yana dariya. Ya ce gaskiyarta, Allah ne ya taimake shi ya zuba ƙarfe fiye da ƙima a lokacin saboda tsoro. Ya ce manyan injiniyoyi biyar suka sa hannu a takardar nan ba su gani ba, sai ga 'yar da ba ta kai shekarun takalminsa ba. Ya kwashe su duka ya saya musu farfesun coto.

A wurin cin abincin ne ya ji cewa Nurlela na shirin barin karatu. Goggon da take zaune wurinta za ta tashi zuwa Kalimantan, ubanta kuma ya ce ba za ta zauna gidan haya ita kaɗai ba. Baba ya hau jirgin ruwa har Selayar, shi da Inna, suka yi wa uban alkawarin za su riƙe ta kamar 'yarsu. Mutumin ya amince, har ya haɗo su da busasshen kifi.

To, ɗaki ɗaya ne babu kowa a gidan, naka na sama. Baba ya ce ba zai taɓa shi ba sai da izininka, shi ya sa ya ce in rubuto. Littattafanka da rigunan ƙwallonka zan adana su a wurina, in kun zo hutu kuma gidana naku ne. Amma don Allah ka amsa da wuri, domin mai jiran izinin naka ya riga ya yi wa ɗakin fenti.

Inna na gaishe ku, ta ce a turo hoton Aulia. Mijina Haeruddin da Goggo Sitti ma suna gaisuwa. Ka gaida Wahida da kyau.

Yayarka mai kewarka,
Rosmiati