Sa Hannu na Biyu

9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Evaristo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya sanyin Jamus? Mu nan da sauƙi, in dai abin da muke ciki sunansa sauƙi.

Na ɗauki biro ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Shekaranjiya ka kira ni mai kisan kai, ka kashe wayarka. To ita takarda ba a kashe ta, sai ka karanta.

Gaskiya ne, Baba ya sa hannu a takardar neman likita ya taimaka masa ya mutu. Ba ni na kawo zancen ba. A rediyo ya ji, tun lokacin da ake tayar da jijiyoyin wuya a majalisa kan dokar da ta halatta hakan, ya ajiye abin a ransa. Yanzu ciwon jijiyar nan ya cinye ƙafafunsa biyu da hannun hagu, ko ruwa ya kurɓa sai ya sarƙe shi. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi, ni nake sa magani a gyambunan bayansa yana cizon matashi don kada in ji nishinsa. Ranar Talata ya ce mini, "Amparo, alfadarinmu da ya karye a kwazazzabo ban bar shi ya kwana da azaba ba. Ni ban kai alfadari ba ne?" Ka faɗa mini amsar da zan ba shi, tunda kai ne mai ilimi.

Likitan ƙauyenmu ya ce imaninsa bai yarda ba, babu hannunsa. Ban ga laifinsa ba, a gaban idona ya faɗa. Sai da muka je birnin Jaén wurin wata likita, Nieves. Ta fitar da ni waje, ta zauna da Baba awa biyu don ta tabbata ba ni nake tura shi ba. Doka ta ce bayan kwana goma sha biyar sai ya sake nema, ya sake sa hannu, wani likitan ya duba shi, sannan kwamiti ya yanke.

Gari ya ɗauka. Jiya a wurin mai burodi, Goggo Eulalia ta kama hannuna ta ce, "Rai na Allah ne, 'yata." Na ce, "Na ji, Goggo. Fo ɗin kashinsa fa na wa ne? Ki zo gobe ki zubar." Na san ban kyauta ba, amma ban yi nadama ba. Fada Anselmo, limamin cocinmu, shi ne kaɗai ya yi maganar da ta tsaya mini a wuya. Ya ce yau masu so ne ke tafiya, gobe kuma tsofaffin da ke jin sun zama kaya. Da na dawo gida na tambayi Baba ko don ni ne, don wahalata. Ya harare ni ya ce, "Daina kai kanki inda Allah bai kai ki ba. Bayana ne ke ruɓewa, ba naki ba."

Kai kuwa sau biyu a shekara kake zuwa, da cakulan da ba ya iya haɗiyewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka gaida mutanen gidan.
Ƙanwarka,
Amparo

28 ga Oktoba

Yaya Evaristo,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya tarin ƙaramar 'yarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Sannu da dabara. Da ka ga ihu bai ci ba, sai ka biyo ta inda Baba ba shi da ƙashi. Ina tsaye na riƙe masa wayar a kunne, na ji duk abin da ka ce: ya jira girbin zaitun, za ka zo farkon Disamba ka kakkaɓe itacen bakin rijiya da hannunka, kamar yadda babban ɗa yake yi a gidan nan tun kakanmu, shi kuma ya ɗanɗana man fari, na matsar farko, a kan burodi da gishiri. Shekara sittin bai taɓa barin wani ya riga shi ɗanɗana man nan ba. Ya yi kuka, Yaya. Ya ce, "Yaron nan shekara tara bai riƙe sandar girbi ba. Zan jira shi."

Kwana goma sha biyar ɗin sun cika, sun wuce. Takarda ta biyu tana cikin durowar da ke ƙarƙashin hoton Mama, ba sa hannu. Likita Nieves ta ce babu laifi, ransa ne, shi ke da lokacinsa. Amma ta ja kunnena: a yi masa wasiyyar wannan buƙata tasa a rubuce gaban shaidu, ko da bakinsa zai mutu kafin lokacin. Na ce mata ɗaukar Baba a mota aiki ne, sai bayan girbi.

Kullum yanzu sai na tura kekensa bakin taga yana kallon itatuwan. Har tsiya yake mini, wai ban iya ɗinkin ragar da ake shimfiɗa wa zaitun ba.

Alkawari kaya ne. Ka zo.

Taka,
Amparo

14 ga Janairu

Evaristo,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana gaisuwa. Ina fatan yara lafiya.

Na ga saƙonka, wai an hana ka hutu, sai bikin Ista. Ko kira ba ka iya yi ba. Ranar biyu ga Disamba Baba ya sa na yi masa aski, na sa masa farar riga da hularsa. Tun safe yake bakin taga har rana ta faɗi. Da na karanta masa saƙon sai ya ce, "Cire mini hular." Ma'aikatan haya ne suka kakkaɓe itacen rijiya.

Ranar goma sha ɗaya ga Disamban jini ya buge shi ina ba shi kunu. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba, likita Nieves ta zo sau uku. Ta yi masa tambaya, ta ce ya ƙifta ido, ta ce ya matsa hannunta. Wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa yana gane abin da ake tambayarsa ba, kuma babu wasiyya, don haka ƙofa ta rufe. Zuciyarsa kuwa, in ji ta, ƙalau take, zai iya kai shekaru. Gyambon ya kai ƙashi.

Yatsansa ɗaya na dama ne kaɗai ke motsi. Yini yake yana jan sa a kan bargo. Fada Anselmo ya gani ya ce alamar gicciye yake yi, ya tuba, har shi Fada ya yi hawaye. Likitan ƙauye ya ce jijiya ce kawai ke harbawa. Ni kuwa shekara ashirin ina kai masa takardun ƙungiyar manoma yana sa hannu. Na san yadda yake lanƙwasa harafin farko na Casimiro, na san wutsiyar da yake ja a ƙarshe. Sunansa yake rubutawa, Yaya. Sau ɗari a rana.

Na so in ɗora maka duka, wallahi na so. Amma ranar da ka ce ya jira, ni da na zagi Goggo Eulalia, na shiga kicin na yi wa Allah godiya. Jaén ɗin minti arba'in ce. Ba nauyin ɗaukarsa ne ya hana ni ba, ban so a rubuta ba ne. Sau biyu ya tuna mini da wasiyyar, sau biyu na ce bayan girbi. Kai ka yi masa ƙarya daga nesa, ni na yi masa ina share masa baki.

Ga kwalbar man fari nan a cikin kwalin. Na ɗiga masa a leɓe, ya gangaro ta haɓarsa. Na haɗa maka da takarda ta biyun, ba ta da sauran amfani a nan. Ka ce kada a kashe ubanka. To, ba a kashe shi ba. In Ista ta yi, ka zo ka zauna kusa da hannunsa na dama, ka gaya mini me ka gani.

Ni ce,
Amparo