Ni Na Gano Mai Kisan, Surukina Ke Shan Yabo

Malama, ki taimake ni da shawara, kuma ki sani neman taimako ba halina ba ne. A sakandare na tsaya, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Da dakon siminti na fara, na koma buga bulo da hannu, yau ina da injina da tifa da ma'aikata masu kirana Maigida. Na gina gidana, na ɗauki nauyin ƙannena, na kai 'ya'yana jami'ar da ni ban taɓa shiga ba sai ranar da na kai musu yashi. Ba kawu, ba ubangida. Na faɗa ne don ki san ba ɗan zaman banza ne ya rubuto miki ba.

Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk ƙarshen mako. Attajiri ne aka tsinci gawarsa, daga nan mutanen gidansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maiɗakina ce ta fara kallo, ni wucewa kawai nake yi ina tsaki, har ranar da na zauna cire takalmi ban tashi ba sai da aka gama. Tun daga nan ya zama zaman gida. Babbar 'yata takan zo da mijinta da jikokina, a jera abinci a falo, kowa ya faɗi wanda yake zargi.

Su maganar 'yan wasan suke bi, ni faranti nake kallo, don na san yunwa. A kowace fitowa sai an nuna mutanen gidan a teburin cin abinci. Na lura duk wanda aka mayar da kujerarsa ƙarshen tebur, wajen ƙofa, to kwanansa ya ƙare. Na kuma lura likitan gidan kullum yana yanka nama, yana juya cokali, amma ko sau ɗaya bai kai loma baki ba. Na ce musu shi ne, guba yake sawa. Maiɗakina ta nace kuku ne, 'yata ta ce autan gidan, surukina ya yi ɗan murmushin nan na ma'aikatan ofis. Sai ga shi an mayar da kujerar gwaggon gidan bakin ƙofa, mako ya zagayo ta mutu. Kowa a falona ya juyo yana kallona. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun da na sayi tifa.

Ana nan sai direbana ya nuna mini waya. Ashe akwai dandalin masu kallon wasan, mutane dubbai, kuma surukina ya kwashe maganata tsaf, kujera da cokali da komai, ya rubuta. Ana ta kiransa gwani. Abin da ya fi ƙona mini rai, a ƙarshe ya ce wai wani dattijo ne ya ankarar da shi. Wani dattijo! Kamar a tasha muka haɗu. Direban yana ta yabon basirar yaron, ni kuma ba halin in ce tawa ce, don na sha gaya wa ma'aikata ba na kallon irin wannan shirme. Gaskiya na taɓa gargaɗin mutanen gida kada in ji a waje an ce Maigida na kallon wasa, amma ai wannan daban ne.

Ban yi masa faɗa ba. Kujerarsa kawai na ɗauke daga kusa da ni na kai bakin ƙofa. Ya zauna, bai taɓa abinci ba. Mako na gaba ya aiko wai aiki ya riƙe shi. Yanzu 'yar ma ba ta zuwa, balle jikokin. Maiɗakina idan na fara bayani sai ta ƙara sautin talabijin.

Makon gobe za a nuna fitowar ƙarshe, bayan nan kowa zai ce dama ya sani. Ba haƙuri nake so ya ba ni ba. Ya koma dandalin nan ya goge dattijo, ya rubuta sunana cikakke, kafin a bayyana likitan. A rubuta cewa ni na gano.

Mai Bulo

Malam Mai Bulo,

Da farko, barka da ƙoƙari. Ido irin naka ba a makaranta ake raba shi ba, kuma son a yabe ka da abin da ka gano ba laifi ba ne. Surukinka ya yi kuskure da bai nemi izininka ba kafin ya kai zancen falonka gaban dubban mutane.

Amma sake karanta wasiƙarka. Kai ka kafa doka kada a ji a waje kana kallo. Da ya rubuta sunanka, da direbanka ne zai fara karantawa, da yau wata wasiƙar ka aiko mini, wadda ta fi wannan zafi. Mai niyyar sata ba ya ambaton dattijo. Ya nemi hanyar da zai ba ka haƙƙinka bai karya dokarka ba, sai ta zo a karkace. Ka ga ni ma ka ɓoye mini sunan da kake so a rubuta.

Sai maganar kujera. Kai ka koya wa gidan ma'anar kujerar bakin ƙofa, sannan ka zaunar da mijin 'yarka a kanta a gaban 'ya'yansa. Ya gane, ita ma ta gane. Kai da ka kama likita don bai ci abinci ba, ka ga surukinka ya tashi da faranti cike, ka yi shiru.

Ka kira shi da kanka, kada ka aika maiɗakinka. Ka gaya masa abin ya sosa maka rai, ka kuma ce ka janye dokar. Idan da gaske kana son sunan, ku rubuta tare kafin fitowar ƙarshe, amma ka shirya: ma'aikata za su gani, kuma idan kukun ne ya yi kisan, sunan naka ne zai sha dariya. Wanda ya yi dakon siminti zai iya ɗaukar wannan.

Wasan zai ƙare makon gobe ko wane ne mai laifi. Zaman falonka ne bai kamata ya ƙare tare da shi ba. Kafin su iso, ka mayar da kujerar nan kusa da kai.

Allah ya ƙara buɗi a sana'a, ya cika falon da hayaniyar jikoki. Ni ma dai zan zuba wa cokalin likitan ido.